BIKIN ƘAWATA LAYUKA A GARASIYA: ABIN DA IDONMU YA GANE MANA

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi. A babban hutun makaranta da ya wuce Allah ya nufe mu da zuwa ƙasar Sifen, bisa gayyatar wani ƙanenmu da ya yi shekara goma sha biyar yana neman abinci a can. Yana zaune ne da iyalinsa a Mataro, wani gari na bakin teku mai nisan kamar kilomita 30 daga Basalona. Mun sani yawancin masu karatu da zarar an ambaci Basalona sai ƙwallo ta faɗo musu a rai, tare da Samuel Eto'o wanda ya buga wa kulob ɗin birnin daga 2004 zuwa 2009. Mu ma da wannan tunani muka sauka daga jirgi. Amma tsarabar da muka kawo wa 'yan'uwa a wannan wata mun samo ta ne a waɗansu ƙananan layuka na wata unguwa da ake kira Garasiya, inda mazauna suke ƙawata layinsu da hannunsu sau ɗaya a shekara, da irin kayan da mu a nan muke zubarwa a kwata.

YADDA MUKA SHIGA

Ɗiyar ƙanen namu, yarinya 'yar shekara goma sha uku wadda aka haifa a can, ita ce ta matsa mana. Ta ce, "Baffa, ba za ka koma Yawunde ba sai ka ga bikin Garasiya." Ana fara bikin ne ranar 15 ga Agusta a tashi ranar 21. Wata safiya a cikin makon muka hau jirgin ƙasa mu uku zuwa tsakiyar Basalona, daga nan muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, a tasha ta uku mai suna Fontana muka fito. Lokacin zafinsu ne, zafi mai gumi irin na Duwala.

Muna shan kwana sai muka tarar da mutane sun yi jerin gwano a bakin wani layi wanda faɗinsa bai wuce taku bakwai ba. An hana motoci shiga, an gina masa ƙofa ta musamman, kuma ta gefe ɗaya ake shiga a fita ta ɗayan. Bayan jiran kusan rabin sa'a muka sa kai, sai muka ga kamar mun nutse cikin teku. Sama duk an rufe ta da shuɗi daga wannan bene zuwa wancan, hasken rana na ratsowa yana rawa a ƙasa. Kifaye ɗaruruwa suna reto bisa kawunanmu, a tsakiya kuma ga wani ƙaton kifi wanda tsawonsa ya kai na motar bas. Sai da muka matsa kusa sa'an nan muka gane abin da muke kallo. Ruwan tekun gorunan roba ne aka yayyanka siri-siri, aka shafa musu launi aka jera a zare. Jikin ƙananan kifayen murafun kwalba ne. Shi kuwa ƙaton, waya ce aka lanƙwasa aka liƙe ta da tsofaffin jaridu da gam.

Layi na biyu daji muka tarar, da itatuwa na kwali, da ganyen leda, da tsuntsayen da aka yi da farantin ƙwai. Na uku an mayar da shi sararin samaniya, taurarinsa gwangwanaye ne da aka huhhuda aka sa musu ƙwan lantarki a ciki. Kowace shekara layuka da dandali kimanin ashirin ne suke shiga, kowanne da abin da ya zaɓa zai kwaikwaya, kuma ba a maimaita na bara. Bakwai muka iya zagawa kafin ƙafa ta gaza.

SU WANE NE MUTANEN GARASIYA?

Tun asali Garasiya ƙauyen gonaki ne a bayan ganuwar Basalona. Rubutaccen labari mafi daɗewa game da bikin na shekarar 1817 ne, shi ya sa a 2017 suka yi murnar cikarsa shekara 200. Tushensa na addinin Kirista ne, domin 15 ga Agusta rana ce da 'yan Katolika suke girmama Nana Maryamu, watau ranar nan da mu ma ake ba mu hutu a nan Kamaru. Da masaƙu suka yawaita a ƙarni na 19, ƙauyen ya cika da leburori da masu sana'ar hannu, har ya zama gari mai cin gashin kansa a 1850. A 1897 aka haɗe shi da Basalona, lokacin yana da mutum fiye da 60,000. Duk da haka har gobe in tsohon wurin zai je tsakiyar birni sai ya ce zai gangara Basalona, kamar mai shirin zuwa wani gari.

A babban dandalin unguwar akwai hasumiyar agogo mai tsawon mita 33. A 1870, sa'ad da gwamnati ta zo kwasar samari zuwa aikin soja na tilas, ƙararrawar wannan hasumiya aka yi ta bugawa ana kiran jama'a su fito su ƙi, sojoji kuma suka yi ta harbinta da igwa. Sunayen layukan ma suna faɗin halin masu su: akwai Llibertat, da Fraternitat, da Progrés, watau 'Yanci, da 'Yan'uwantaka, da Ci Gaba. Harshensu kuwa, wanda ake kira Katalan, an kore shi daga makarantu da ofisoshi a zamanin mulkin Janar Franco, daga 1939 zuwa 1975. Amma ga shi a yau da shi ake koyar da yara, da shi kuma aka rubuta allunan bikin da muka gani. A 1956 layukan suka haɗu suka kafa ƙungiya guda mai tsara bikin. A 2017 harin da aka kai da mota a titin Rambla ranar 17 ga Agusta ya sa aka dakatar da shagulgula don makoki, a 2020 kuma annobar korona ta sa aka taƙaita shi ƙwarai. Kowane karo dai sun sake ɗaukar almakashi sun ci gaba.

HIRA DA WATA TSOHUWA

A layi na huɗu muka ga wata tsohuwa zaune bisa kujera da almakashi da robar gam, tana gyaran wani furen takarda da wani mai kallo ya fizge. Muka gaishe ta, yarinyarmu ta yi mana tafinta, ita kuma ta warware mana yadda aikin yake.

Kowane layi yana da kwamitinsa na mazauna. Da an kwance adon bana, ba a daɗewa za su zauna su yi muhawara har su tsai da abin da za su yi baɗi. Daga nan sai tara kaya: mai shago ya ajiye musu kwali, mai gidan abinci ya ajiye gwangwani da gora, kowane gida ya riƙa wanke robobinsa yana kawowa. Suna da wani ɗaki a layin inda suke haɗuwa da yamma bayan an tashi aiki, da ranakun Asabar da Lahadi. Kafinta ya yi katako, mai walda ya yi ƙarfe, mai aikin lantarki ya ja waya, tsofaffin da suka yi ritaya su yi ta yanka da liƙi, yara su shafa fenti. Ba wanda ake biya ko sisi. Kuɗin gam da fenti da igiya yana fitowa ne daga karo-karon 'yan kwamiti, da tallafin hukumar birni, da cinikin rumfar abinci da abin sha da layin yake kafawa a makon bikin.

Daren 14 ga wata ba mai runtsawa. A cikinsa ake fito da komai daga ɗaki, a kafa tsani, a ɗaura, a rataya, domin gari ya waye layi ya zama wani abu dabam. Sa'an nan alƙalai su zaga suna ba da maki, suna duban ƙofar shiga, da rufin sama, da gefuna, da hasken dare, da yadda aka yi amfani da tsofaffin kaya, a fitar da na ɗaya har zuwa na ƙarshe. Bayan mako guda kuma masu shi su kwance abinsu da hannunsu.

Muka ce mata, "Iya, ba kya jin ciwo, aikin wata da watanni ya ƙare a kwana bakwai?" Ta yi dariya. Ta ce mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta kuma aiki ya kai su nesa. A sanyin da ya wuce ta yi kwana biyu ba ta leƙa ɗakin aikin ba, sai ga mutum biyu daga cikin 'yan kwamiti suna buga mata ƙofa. Suka same ta kwance da zazzaɓi, suka ɗauke ta zuwa asibiti. Ta ɗaga furen da ke hannunta ta ce, "In ba don wannan ba, wa zai lura ban fito ba?"

Sai ita ma ta mai da mana tambaya, ta ce mu fa a layinmu me muke yi tare? Muka ba ta labarin Sallah, da sababbin kaya, da rabon nama, da yawon gaishe-gaishe. Ta ji daɗi ƙwarai. Amma muna cikin magana zuciya tana tuna mana cewa gidan da ke kallon namu a Briketeri, 'yan hayar da ke cikinsa sun shekara uku, kuma ko sunan mutum ɗaya ba mu sani ba.

HASUMIYAR MUTANE

Bayan kwana biyu muka sake komawa don mu ga wani wasa nasu na gargajiya a gindin hasumiyar agogo. Maza da mata masu yawa, kowa ya naɗe ƙugunsa da baƙar ɗamara, suka dunƙule a ƙasa ƙirji da baya, suka miƙa hannuwa. Waɗansu suka taka kafaɗunsu suka hau, waɗansu kuma suka hau kan waɗannan, masu busa wani abu mai kama da algaita suna ta yi. Mun ƙirga hawa bakwai. Daga ƙarshe wata 'yar mitsitsiyar yarinya da hular kwano ta rarrafa ta bayan mutane har can ƙololuwa, ta ɗaga hannu, dandali ya ɗauki tafi. A 2010 hukumar UNESCO ta sa wannan wasa cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Abin da ya ba mu mamaki shi ne, gindin hasumiyar a buɗe yake ga kowa. Wani dattijo ya yafito ƙanenmu, shi kuwa ya miƙo mana wayarsa ya shiga ya sa ƙirji, baƙar fata ɗaya a tsakiyar Turawa, ba wanda ya tambaye shi daga ina ya fito.

A can rana ba ta faɗuwa a watan Agusta sai kusan ƙarfe 9. Da magariba ta gabato sai muka ga ana jera tebura a tsakiyar layi, dogo guda daga wannan kai zuwa wancan. Mazauna suka fito da abincinsu suka zauna ƙarƙashin adon da suka yi, yaro kusa da tsoho, mai gida kusa da ɗan haya.

INDA GIZO KE SAƘA

Kada mai karatu ya ɗauka komai na wurin abin yabo ne. In dare ya yi nisa bikin yakan canza kama. Giya ake sha ba kaɗan ba, kiɗa kuma yakan kai tsakar dare har ya wuce, waɗansu su ɓata lunguna da fitsari, waɗansu su karya abin da aka yi wata goma ana haɗawa. Dole 'yan kwamiti suke gadin layinsu bi da bi har asuba. Mu dai ƙarfe goma na yi muka nemi hanyar tasha, kuma wannan ɓangare ba mu ga abin koyi a cikinsa ba.

Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan zurfi. Sunan bikin ya kai ko'ina, 'yan yawon buɗe ido suna kwararowa har mazauna su rasa hanyar shiga gidajensu. Masu gidaje da yawa sun ga ba da ɗaki ga baƙon kwana uku ya fi riba bisa ga ba ɗan gari, kuɗin haya ya yi ta hawa, samarin da aka haifa a unguwar suna tashi suna komawa bayan gari. Abin ya kai a watan Yuni na 2024 magajin garin Basalona, Jaume Collboni, ya ba da sanarwar cewa zuwa Nuwamba 2028 za a kawo ƙarshen lasisin gidaje kimanin 10,000 da ake ba baƙi haya ta 'yan kwanaki. Tsohuwar nan ma da wannan ta rufe hirarta. Ta ce masu kallo kullum ƙaruwa suke, masu yanka kwali kuwa raguwa suke, domin baƙon kwana uku ba ya zuwa taron kwamiti.

MU DAWO GIDA

Mun iso Yawunde a ƙarshen Agusta, ba a jima ba manyan ruwan Satumba suka sauko. Kowa ya san abin da ke biyo baya. Kwatoci suka toshe, ruwa ya bi layi ya shiga zaure, kogin Mfundi ya cika da gorunan roba, irin waɗannan dai da muka ga an mayar da su teku a Garasiya. Muka tsaya a ƙofar gida muna zagin hukuma, maƙwabcinmu ma ya tsaya a tasa ƙofar yana yi, ba wanda ya ɗauko shebur.

Alhali kuwa aikin gayya ba baƙonmu ba ne. Kakanninmu fatake da suka kafa unguwannin Hausawa a Yawunde da Duwala da Bamenda da sauran garuruwa, da gayya suka gina masallatai, da gayya suke share maƙabarta. Waɗanda suka kai shekarunmu za su tuna yadda ake fitowa jajibirin Sallah a share layi tun daga bakin titi. Yau gidajen gado ana ta sayarwa, benaye na tashi, 'yan haya na shiga suna fita, kowa ya ja ƙofarsa ya rufe. Mu kuwa a ƙasar nan 'yan tsiraru ne. Unguwa ita ce rumbun da ke riƙe mana harshe da tarbiyyar yara. Ranar da maganar fili ko ta rusau ta taso, mutanen da ba su san sunan juna ba da wuya su yi magana da murya ɗaya.

Wani zai ce ai Turawa ƙoshi ne ya yi musu yawa. To, a tuna leburorin masaƙa ne suka raya wannan al'ada, da rassan itace da takarda. Wani zai ce almubazzaranci ne, alhali kayan aikin daga bola suke fitowa. Wani kuma zai ce bikin wani addini ne. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a ɗauko ranarsu ko giyarsu ba. Muna da ranakunmu na farin ciki, dabarar haɗa hannun kaɗai muke sha'awa.

SHAWARARMU

Muna ganin a gwada da layi ɗaya tak, a sa Ƙaramar Sallah a gaba. A fara da neman albarkar mai unguwa da limamai, sa'an nan a kafa kwamitin da bai wuce mutum goma ba, a sa mata a ciki, a sa 'yan haya, a kuma gayyaci maƙwabtanmu Ewondo da Bamun da Bamileke, domin kwatar da ta toshe ba ta tambayar ƙabila. Aikin farko ya zama yashe kwatar, tunda ba a ɗora ado bisa ƙazanta. A nemi izinin rufe layin daga ofishin magajin gari tun da wuri. A nisanta leda da kwali daga wayar lantarki da wutar masu tsire, a ajiye bokitan ruwa da yashi. Duk dalar da ta shigo da wadda ta fita a rubuta a manna a bango kowa ya gani, don mun san abin da ya kashe ƙungiyoyinmu da yawa. In an kwance adon kuma a kai robobin wurin masu saye, kada su koma inda aka tsamo su.

'Yan'uwanmu malamai, mu ne za mu fi kowa sauƙin farawa, tunda muna da darasin aikin hannu a jadawali, ga kuma yara masu ɗokin yanka da liƙi. Mu dai mun rataya buhu biyu a ƙofar ajinmu tun makon da aka koma makaranta, yanzu muna da buhu biyar cike da gora wankakkiya, har wani yaro ya haɗa mana raƙumi da kwali wanda yake tsayawa da ƙafafunsa. Mun kuma ƙetara layi mun yi sallama a gidan nan da ke kallon namu. Ashe ɗaya daga cikin 'yan hayar tela ne mutumin Fumban, kuma ya yi alkawarin tara mana ƙyallayen da yake zubarwa.

Duk layin da ke son shiga, ko mai wata shawara da ta fi tamu, sai ya aiko da wasiƙa ta hannun editan wannan shafi, za mu kawo ta a fitowa ta gaba in Allah ya so. Allah ya haɗa kanmu, ya kai mu Sallar lafiya, amin.